Darasi na 14: Yadda Ake Gane Halin Babbar Lamba

Lambar da za mu yi aiki da ita a wannan darasi ita ce 720,720. Kowa ya rubuta ta a saman shafinsa, don tare da ita za mu tafi. Manufarmu ita ce mutum ya dubi doguwar lamba irin wannan ya faɗi halinta tun kafin ya taɓa kalkuleta: mutum nawa za su raba ta daidai wa daida, mutum nawa za su raba a bar saura, waɗanne ƙananan lambobi aka ninka suka ba da ita, kuma a wane rukuni masana lissafi suka sa ta. Mutumin Funtuwa ko Malumfashi ba baƙon manyan lambobi ba ne. Duk wanda ya taɓa sayar da masara a kasuwar Ɗandume, ko ya kai auduga sikeli, ya riƙe kuɗin da alƙalumansu suka kai shida ko bakwai. Abin da ya rage masa kawai dabarar bincikar su.

A karanta ta tukuna

Doguwar lamba daga dama ake fara yanka ta, uku-uku, ana sa waƙafi. Ukun farko su ne ɗaiɗai da gomomi da ɗaruruwa, uku na biyu dubbai, na uku miliyoyi. Saboda haka 720,720 ita ce dubu ɗari bakwai da ashirin, da ɗari bakwai da ashirin. Akwai 7 guda biyu a cikinta, amma darajarsu ba ɗaya ba ce: na hagu 700,000 ne, na dama 700 kacal. Gurbi ne ke ba alƙalami daraja, sifili kuwa aikinsa tsare gurbin da babu kowa a ciki. Cire sifilin tsakiya, lambar ta faɗo zuwa 72,720, an yi asarar fiye da dubu ɗari shida.

A nan akwai wani abin lura da ya shafi ciniki. Idan dillali ya ce "dubu ɗari da hamsin", kowa a kasuwa ya san 150,000 yake nufi. Amma wanda zai karanta 100,050 shi ma abin da zai faɗa ke nan. Baki yana haɗa su, alƙalami ne ke raba su. Shi ya sa duk cinikin da ya kai a rubuta, a rubuta shi da alƙaluma, a kuma ƙirga sifilin a gaban juna. Kakanninmu sun san wannan matsala ta manyan adadi, sai suka yi musu ƙunshi: a zamanin wuri, jaka guda wuri 20,000 ce. Da kuɗin Bature suka zo ta koma fam 100, da naira ta shigo a 1973 ta zama naira 200.

Cika ce ko mara?

Tambayar farko da ake yi wa kowace lamba ke nan, kuma yara masu wasa da 'ya'yan tsamiya sun riga mu saninta. Lambar da mutum biyu za su raba ba saura ita ce cika, wadda ta bar ɗaya ita ce mara. Komai tsawon lamba, alƙalamin ƙarshe kaɗai ake duba. Idan 0, 2, 4, 6 ko 8 ne, cika ce. Tamu ta ƙare da 0, don haka cika ce, kuma wannan sifilin ya ƙara gaya mana cewa 5 da 10 ma za su raba ta.

Yanzu mu ce wata ƙungiyar manoman masara a Bakori ta sayar da abin da ta noma, bayan an cire kuɗin taki da na lebura da na mota, ribar ta tsaya a naira 720,720. Sakatare yana son ya san ko kuɗin za su rabu daidai tsakanin 'yan ƙungiya. Ba sai ya yi dogon rabawa ba, ga gwaje-gwajen da zai yi.

Don 4, ya dubi alƙaluma biyu na ƙarshe: 20. Huɗu na raba 20, to za ta raba lambar duka, kowa ya sami 180,180. Dalili kuwa shi ne ɗari tana rabuwa gida huɗu, don haka duk abin da ke gaban waɗannan biyun ba ya kawo matsala. Don 8, ya dubi uku na ƙarshe: 720, wato 8 sau 90. Ta rabu, kowa 90,090.

Don 3 da 9 dabarar daban ce: a tara alƙaluman. 7 + 2 + 0 + 7 + 2 + 0 = 18. Tun da 3 da 9 suna raba 18, suna raba 720,720. Mutum uku kowa 240,240, mutum tara kowa 80,080. Mutane da yawa sun haddace wannan ƙa'ida ba su san dalilinta ba, alhali dalilin bai da wuya. Goma ita ce 9 da 1. Ɗari ita ce 99 da 1. Dubu ita ce 999 da 1. Idan mutum tara suka raba kowace goma ko ɗari ko dubu, ɗaya ce ke saura. Ɗari bakwai za ta bar 7, ashirin za ta bar 2. Ashe tara alƙaluma ba komai ba ne illa tara sauran da kowane gurbi ya bari, a ga ko su ma za su rabu.

Lambar da ta rabu da 2 ta kuma rabu da 3, ta rabu da 6. Wadda ta rabu da 3 da 4, ta rabu da 12. Wadda ta rabu da 3 da 5, ta rabu da 15. Amma a yi hattara, ba kowane biyu ake haɗawa haka ba. Ga 12: tana rabuwa da 4, tana rabuwa da 6, amma 24 ba ta raba ta. Abin da ya sa, 4 da 6 sun yi tarayya a kan 2.

Saura 7 da 11 da 13, waɗanda suka fi ba mutane wahala. Gwaji ɗaya ne ya ishe su ukun. A yanka lambar a wurin waƙafi, a ɗebe ƙaramin ɓangare daga babba. Idan abin da ya fito sifili ne, ko kuma 7 ko 11 ko 13 na raba shi, to tana raba lambar duka. A tamu, 720 − 720 = 0. Ukun duka sun shiga: mutum bakwai kowa 102,960, goma sha ɗaya kowa 65,520, goma sha uku kowa 55,440. Sirrin yana cikin 1,001, domin 7 × 11 × 13 = 1,001, kuma 720 × 1,001 = 720,720. Ku gwada da kanku: ku rubuta kowace lamba mai alƙalami uku, ku maimaita ta, misali 385,385. Ku raba da 7, abin da ya fito ku raba da 11, sannan da 13. Lambarku ta farko za ta dawo muku.

To sakataren Bakori ya huta. Ko su biyu ne, ko su goma, ko su goma sha shida (kowa 45,045), babu kwabon da zai yi saura. Sai a kan mutum 17 za a fara jin kansu: kowa 42,395, naira 5 ta rage. Kuma ba a banza aka zaɓi wannan lamba ba. Ita ce mafi ƙanƙanta da kowace lamba daga 1 zuwa 16 take rabawa. Ƙanwarta ita ce 2,520, mafi ƙanƙanta da 1 zuwa 10 suke rabawa.

Mu kwatanta da wata lamba ta gaske. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Katsina mutum 5,801,584. Ta ninka tamu sau takwas da ɗoriya, amma me take da shi wajen rabo? Cika ce. 84 na rabuwa da 4, 584 na rabuwa da 8. Alƙalumanta sun tara 31, don haka 3 da 9 sun fita. Ba ta ƙare da 0 ko 5 ba. Ɓangarorinta uku ne, sai a tara na farko da na ƙarshe, 5 + 584 = 589, a ɗebe daga na tsakiya, 801 − 589 = 212. Babu ɗaya cikin 7 da 11 da 13 da ke raba 212. Ko ƙananan hukumomi 34 na jihar ba su raba ta daidai: kowace 170,634, saura 28. Girman lamba daban, sauƙin rabonta daban.

Gagara-rabo

Akwai lambobin da ba mai raba su sai 1 da su kansu: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, da sauransu. A wannan littafi muna kiran su gagara-rabo. Duk sauran lambobin da suka wuce 1 haɗaɗɗu ne, wato an same su ta ninka gagara-rabo da gagara-rabo. Ita 1 ba ta cikin kowane rukuni. Kuma 2 ce kaɗai cika a cikin gagara-rabo, sauran duk mara ne.

Manomi yana haɗuwa da su ba tare da ya san sunansu ba. Tirelar taki mai buhu 600 tana rabuwa lafiya tsakanin ƙauyuka 8 ko 12 ko 15 ko 24. Amma a ce za a raba ta ga ƙananan hukumomi 11 na shiyyar Funtuwa, wato Funtuwa, Bakori, Ɗanja, Ɗandume, Sabuwa, Faskari, Ƙanƙara, Malumfashi, Ƙafur, Musawa da Matazu. Kowace za ta sami 54, buhu 6 su yi saura, kuma a kan irin waɗannan shidan ne ake tayar da jijiyar wuya. Ba laifin mai rabo ba ne, babu 11 a cikin 600.

Ta yaya za a san abin da ke cikin lamba? A farfasa ta. A fara da 2, a yi ta rabawa har ta ƙi, sannan a koma 3, sannan 5, haka dai har a iso 1.

720,720 ÷ 2 = 360,360
360,360 ÷ 2 = 180,180
180,180 ÷ 2 = 90,090
90,090 ÷ 2 = 45,045
45,045 ÷ 3 = 15,015
15,015 ÷ 3 = 5,005
5,005 ÷ 5 = 1,001
1,001 ÷ 7 = 143
143 ÷ 11 = 13
13 ÷ 13 = 1

Ke nan 720,720 = 2 × 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5 × 7 × 11 × 13. Ko ta ina aka fara, ko da 13 aka fara aka ƙare da 2, waɗannan goman za a samu, ba ƙari ba ragi. Wannan layi guda shi ne zuciyar darasin, domin daga shi ake amsa kusan kowace tambaya ba tare da sake rabawa ba.

Shin 40 na raba ta? 40 ita ce 2 × 2 × 2 × 5, kuma duk suna cikin layin. Idan da tiya 720,720 ce ta dawa, ana cika buhu da tiya 40, buhu 18,018 za a samu cif. Shin 50 fa? 50 ita ce 2 × 5 × 5, tana neman 5 guda biyu, layinmu kuwa ɗaya gare shi. Don haka kilo 720,720 a buhuna masu kilo 50 zai ba da buhu 14,414, kilo 20 ya rage. Haka 27 ba za ta shiga ba, don tana neman 3 guda uku. 32 ma haka, tana neman 2 guda biyar.

Har yawan masu raba ta ana iya ƙirgawa daga layin. Wanda zai haɗa mai raba ta, a cikin 2 guda huɗun nan yana iya ɗaukar ɗaya, biyu, uku, huɗu, ko ya ƙi ɗauka: zaɓi biyar. A 3 guda biyu, zaɓi uku. A 5 da 7 da 11 da 13, kowanne ko a ɗauka ko a bari: zaɓi bibbiyu. A ninka: 5 × 3 × 2 × 2 × 2 × 2 = 240. Lambobi 240 ne ke raba 720,720, kuma babu wata lamba ƙasa da ita da ke da masu raba ta kamar haka. Wani masanin lissafi ɗan Indiya, Ramanujan, ya yi dogon nazari a kan irin waɗannan lambobi a 1915.

Mutane na son cikakkiyar miliyan, tana da daɗin faɗi. A wajen rabo kuwa ba ta da kirki. Ba komai cikin 1,000,000 sai 2 guda shida da 5 guda shida, masu raba ta 49 ne kawai. 'Yan'uwa uku ba za su raba ta daidai ba, bakwai ma haka. A ganina ƙungiyar da ke yanka kuɗin adashi ko na karo-karo gara ta zaɓi adadi irin 12,000 ko 36,000 ko 60,000, waɗanda 3 da 4 da 6 ke shiga, da ta liƙe wa 10,000 da 50,000.

Yadda ake tankaɗo su

Don gano gagara-rabo har zuwa 100, a rubuta lambobi daga 2 zuwa 100. A bar 2, a soke duk 'ya'yanta: 4, 6, 8 har ƙarshe. A bar 3, a soke 6, 9, 12. Haka 5, haka 7. Kamar tankaɗen gari ne da rariya, abin da ya ƙi wucewa shi ake nema. Guda 25 za su tsaya. Wannan dabara ta Iratostinis ce, wani masani da ya zauna a Iskandariyya ta Masar fiye da shekara 2,200 da suka wuce.

Idan lamba ɗaya ake son gwadawa, ba sai an bi duk lambobin da ke ƙasa da ita ba. Ɗauki 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina. 45 × 45 = 2,025, ya riga ya wuce ta. Da a ce lambobi biyu aka ninka suka ba da 1987, dole ɗayansu ya gaza 45. Sai a gwada gagara-rabon da ke ƙasa da 45 kawai: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, 29, 31, 37, 41, 43. Kowanne sai ya bar saura. 1987 gagara-rabo ce.

Suna ƙarewa kuwa? Yuklid, wanda Larabawa ke kira Iƙlidis, ya nuna ba sa ƙarewa tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma hujjarsa kowa a ajin nan zai iya bin ta. A ce wani ya yi gardama cewa daga 13 sun ƙare. Sai mu ninka su duka: 2 × 3 × 5 × 7 × 11 × 13 = 30,030. Mu ƙara 1, ta zama 30,031. Duk wanda ya raba ta a cikin shidan nan, 1 za ta yi saura. To ko dai ita kanta gagara-rabo ce, ko kuma akwai wasu da ba su cikin jerinsa. Haka kuwa abin yake, 30,031 = 59 × 509. Duk inda mai gardama ya ce nan ne iyaka, sai a sake yi masa haka. Mafi girma da aka gano zuwa watan Oktoba na 2024 tana da alƙaluma 41,024,320.

Ku lura da wani abu a nan. Ninka 59 da 509 aikin minti ɗaya ne. Amma da 30,031 aka miƙo muku aka ce ku nemo su, da kun sha gumi. Wannan bambanci, idan lambobin suka kai ɗaruruwan alƙaluma, har kwamfuta gagararta yake yi, kuma a kansa aka gina ɗaya daga cikin manyan hanyoyin kulle bayanan banki da saƙonni a intanet.

Rabon gado da zakka

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe suna wannan lissafi. Kasonnin gado su ne rabi, rubu'i, tumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Lamba mafi ƙanƙanta da 2, 3, 4, 6 da 8 duk suke rabawa ita ce 24, shi ya sa take yawan fitowa a asalin mas'ala. Tamu kuwa 24 × 30,030 ce.

A ce magidanci ya rasu, bayan an biya bashi an fitar da wasiyya, ya bar naira 720,720. Magada su ne matarsa, mahaifinsa, mahaifiyarsa, 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Mata tana da tumuni: 90,090. Uwa sudusi: 120,120. Uba sudusi: 120,120. Jimla 330,330, saura 390,390 na 'ya'ya. Namiji na da rabon mata biyu, don haka kashi biyar za a yi, kowane kashi 78,078. 'Yar ta ɗauki 78,078, kowane ɗa 156,156. Hukuncin rabon gado na alƙali ne da malamai, mu lissafin kawai muka duba. Zakkar amfanin gona ta fi sauƙi: ɗaya bisa goma a noman damina, sai a cire sifilin ƙarshe, 72,072. A noman da aka sha wahalar ban ruwa rabin haka ne, 36,036.

Sauran rukunai

Murabba'i ita ce lambar da aka samu ta ninka wata da kanta. Hekta guda mita 100 ce sau mita 100, wato 10,000. Mazaɓu 361 na Jihar Katsina ma murabba'i ne, 19 × 19. Tamu fa? 848 × 848 = 719,104, kuma 849 × 849 = 720,801. Ta faɗa tsakani, ba murabba'i ba ce. Layin farfasawa ma ya nuna haka, domin a murabba'i kowane gagara-rabo bibbiyu yake zuwa, ga 5 da 7 da 11 da 13 kuwa kowanne shi kaɗai. Gajeriyar hanya: murabba'i ba ta ƙarewa da 2, 3, 7 ko 8, kuma in za ta ƙare da sifili, ba ta ƙarewa da guda ɗaya tak.

Murabba'i da mara sun haɗu a aikin wani ɗan ƙasarmu. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi ya bar Katsina ya tafi aikin hajji, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan hatimin lissafi mai gidaje mara, ya rasu a Alƙahira a 1741. Hatimin shi ne a jera lambobi a gidaje yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Mafi ƙanƙanta mai gida tara ne: 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Ta ko'ina 15. Hanyar cika hatimi mai gefe mara daban take da ta mai gefe cika, don haka tambayar nan ta wasan yara ita ce ta farko da shi ma zai yi.

Akwai kuma rabe-raben da ake yi ta hanyar tara masu raba lamba, ban da ita kanta. Masu raba 10 su ne 1, 2, 5, jimla 8: ba su kai ta ba, mai giɓi ce. Masu raba 12 su ne 1, 2, 3, 4, 6, jimla 16: mai rara ce. Masu raba 6 su ne 1, 2, 3, jimla 6 daidai: wannan ita ce kammalalliya. Kammalallu ba su da yawa. Bayan 6 sai 28, sai 496, sai 8,128, sannan a yi dogon tsalle zuwa 33,550,336. Duk waɗanda aka gano cika ne, har yau ba wanda ya samo mara, ba kuma wanda ya tabbatar babu ita. Tamu ba sai mun tara masu raba ta 239 ba. Rabinta da sulusinta da rubu'inta kaɗai, 360,360 + 240,240 + 180,180, sun ba da 780,780. Mai rara ce, rarar ma ba kaɗan ba: jimlar duka 2,529,072.

Wasu lambobin kuma aminan juna ne. Masu raba 220 sun tara 284, masu raba 284 sun tara 220. Sabit ɗan Ƙurra, wanda ya rasu a Bagadaza a shekarar 901, ya fitar da ƙa'idar nemo irinsu.

Gwajin tara

Ga wani amfani da za ku iya yi da darasin nan gobe a kasuwa. A ce an sayar da buhu 137 a kan naira 48,500 kowanne, yaron shago ya ce kuɗin sun kama 6,644,500. A tara alƙaluman kowace lamba har su koma ɗaya. 137 ta ba da 11, 11 ta ba da 2. 48,500 ta ba da 17, sannan 8. A ninka: 2 × 8 = 16, wato 7. Yanzu amsar yaro: 6 + 6 + 4 + 4 + 5 = 25, wato 7. Sun dace. Da sun saɓa, to tabbas akwai kuskure. Sai dai dacewarsu ba ta wanke lissafi gaba ɗaya, domin gwajin ba ya kama sifilin da ya faɗi ko alƙaluma biyu da suka yi musayar gurbi. Wannan sai da kintace: buhu 137 a kan kusan dubu hamsin, dole kuɗin su kusanci miliyan bakwai.

Aiki

1. Rubuta da alƙaluma: dubu ɗari huɗu da biyar, da sittin. Sannan rubuta 3,040,009 da kalmomi.

2. Malaman gona kan ba da tazarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, da santimita 25 tsakanin rami da rami, a shukar masara. A gona mai mita 100 sau mita 100 za a sami kunya 133, kowace da rami 400. Rami nawa ke nan? Farfasa amsar zuwa gagara-rabo, ka faɗi ko 7 da 19 na raba ta.

3. Ƙidayar 2006 ta ba Najeriya mutum 140,431,790. Ba tare da dogon rabawa ba, waɗanne ne ke raba ta a cikin 2, 3, 4, 5, 9 da 10?

4. Farfasa 1960. Lambobi nawa ne ke raba ta?

5. A cikin 91, 97, 221 da 269, waɗanne ne gagara-rabo?

6. Nuna cewa 28 kammalalliya ce. Sannan ka faɗi rukunin 34 da na 40, mai giɓi ko mai rara.

7. Dillali ya ce tiya 86 a kan naira 1,750 ta kama 151,500. Yi gwajin tara, in akwai kuskure ka gyara.

A yi waɗannan da fensir da takarda, a ajiye waya gefe sai an gama, sannan a duba da ita. Kuma kowa ya zo aji na gaba da babbar lamba guda daga harkarsa, ko ta rasidin taki, ko ta takardar awon auduga, ko ta littafin adashi, za mu farfasa su ɗaya bayan ɗaya a kan allo.